Yarjejeniyar Madara

A shekarun da aka yi ta kankare ƙasa a Bagega da Abare saboda gubar dalma, duk baƙon da ya sauka yankinmu daga wata ƙasa, ɗayan biyu ake ɗaukarsa: ko likita, ko mai sayen zinariya. Saboda haka da wani Ba'indiye ya kama hayar gidan da ke jikin nawa a Nasarawar Burkullu, ba a kwana uku ba sai da ƙofarsa ta cika da masu ɗauke da yara marasa lafiya da masu ɗauke da duwatsu a ƙunshe cikin tsumma. Shi kuwa ba ya jin Hausa in ban da gaisuwa, gaisuwar ma ta safe kaɗai, ita yake yi wa kowa har bayan la'asar.

Aka aiko a kira ni, domin a unguwar ni ne mai Turanci. Na daɗe ina koyarwa a Anka da Gummi da Bukkuyum, na yi hedimasta, na ajiye aiki na dawo gida. Na tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, dutse a hannun dama, dutse a hannun hagu, yana ta godiya bai san ta mece ce ba. Na tambaye shi abin da ya kawo shi garinmu. Ya ce madara. Na juya na gaya wa jama'a.

Wani tsoho ya ce, "Madara? Ta shanu? Malam, sake tambaya tai, ƙila ba ka ji daidai ba."

Na ce masa tun kafin ya fara furfura nake jin Turanci daidai. Jama'a suka watse da duwatsunsu, suna tausaya wa mutumin da ya ƙetare teku ya wuce zinariya ya zo neman abin da ake sayarwa a ludayi.

Da yamma ya zo gaishe ni. Ya tuɓe takalmansa a bakin zaure, ya duƙa ya jera su kai da kai, sannan ya shigo. Ya ce zai dawo gobe ƙarfe takwas, kuma takwas na bugawa ya yi sallama. Ba na saurin yarda da mutum, amma waɗannan abubuwa biyu sun ishe ni. Siriri ne, mai gashin baki, bai fi shekara arba'in ba. Baba yake ce mini. Ba ya cin nama ko kaɗan, abin da ya sa mai ɗakina ta ɗauke shi maraya, ta riƙa aika masa tuwo da miyar kuka da ta keɓe tun kafin a sa ƙashi.

A zauren nan ya ba ni labarinsa. Ɗan manomi ne, cikin shanu ya tashi. Ya yi shekaru yana tsaron kantin wani ɗan ƙasarsu a Kano, inda Turanci ya ishe shi, yana sayar da madarar gwangwani da ake kawowa daga nesa. Wata rana aiki ya biyo da shi ta hanyar Gummi da damina, ya ga garkunan shanu iyakar ganinsa, ya kasa mantawa. Ya koma ƙasarsu ya sayar da rabonsa na gonar gado, ya sayi tankin sanyaya madara mai aiki da hasken rana da injin zuba kindirmo a kwalba. Yayansa ya ce masa ya haukace, ya kuma ce in ya gama haukan ya dawo, akwai aikin awon hatsi a rumbunsa. Matarsa da 'ya'yansa mata biyu suna can gidan wannan yayan suna jira.

Takardun izini sun cinye masa watanni, kayan kuma sun daɗe a tashar jirgin ruwa fiye da yadda ya yi tsammani. Kafin su iso, ruwan farko ya riga ya sauka. Ya kuwa san abin da kowa ya sani a nan: da damina ake samun madara, da an yanke gero shanu su gangara fadama ko su yi kudu, nono ya ƙafe.

Ya ce, "Baba, damina ɗaya gare ni. In injin ya yi aiki kafin kaka, zan je in ɗauko iyalina. In bai yi ba, zan sayar da shi a matsayin ƙarfe, in koma in auna wa yayana hatsi."

Yana da wani ɗan littafi da yake rubuta nasihohin da 'yan ƙasarsu na Kano suka yi masa game da zama da mu. Ya nuna mini. Yawancinsu daidai ne. Ɗaya ya ja wa layi biyu a ƙasa: kada ka yi magana da matar kowa, kada ma ka dube ta, duk abin da kake so ka nemi maza. Na karanta, na gyara masa wani harafi, na miƙa masa littafinsa.

A nan ya kamata in faɗi wani abu game da kaina, domin ba za a gane abin da ya biyo baya ba sai da shi. Mahaifina ya kai ni makarantar mishan a ƙasar Zuru, lokacin da mutane ke ganin yin haka ganganci ne. Ban bar addinin iyayena ba, amma na ɗauko ɗabi'un gidan. Akwai wata Baturiya da ke koya mana fassara kowace Juma'a da safe. Dokarta ɗaya ce: tafinta ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya ba da shawarar da ba a nema ba. Wanda ya ƙara kalma ɗaya daga cikinsa, rula ɗaya a bayan hannu. Na sha rular sau biyu, ban sake ba. Da wannan doka na yi tafinta a asibiti da kotu da gaban hakimai, ba a taɓa kama ni da kuskure ba, kuma ina alfahari da hakan.

Ba'indiyen ya roƙe ni in rubuta masa yarjejeniya tsakaninsa da Fulanin rugagen da ke arewa da gari. Kwana huɗu na yi a kanta. Na ja layi a tsakiyar kowane shafi, Turanci a hagu, Hausa a dama, sharaɗi goma sha ɗaya. Na kwafe ta sau uku da hannuna, domin ban yarda da masu buga takardu na yanzu ba.

Muka je wurin Ardo, shugaban rugagen, bayan mun gaida masu gari kamar yadda ya dace. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin wata tsamiya, dattawa wajen ashirin suka zauna da sandunansu. Baƙon ya tambaya ko shanun nasu ne. Ardo ya ce nasu ne. Ya tambaya ko suna ba da madara da yawa. Aka ce alhamdulillahi. Ya tambaya ko sun yarda ya gina ɗakin tara madara kusa da su, a riƙa kawo masa kowace safiya.

Ardo ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. Ya ce, "Mun ji, mun kuma yi murna. Ya gina. Wanda ya kawo ya kawo. Allah shi sa albarka."

Na fassara yadda ya faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Na karanta sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dangwala yatsa.

Muna cikin haka sai ga matan rugar sun biyo ta bayan tsamiyar a jere, ƙore a kai, an rufe da faya-fai, sun nufi kasuwa. Baƙon ya sunkuyar da kai har suka wuce, kamar yadda littafinsa ya umarce shi. Ni na gan su, kuma ba zan ce ban sani ba. Na san cewa a wurin Fulani saniya ta namiji ce, shi ke kiwo, sau da yawa ma shi ke tatsa, amma da madara ta shiga ƙwarya ta zama ta mace. Ita ke raba ta, ita ke kaɗa mai, ita ke sayarwa, miji ba ya tambaya. Maganar ta zo mini har baki. Sai na ce a raina ba a tambaye ni ba, kuma ba mamaki Ardo ya san yadda zai yi da gidansa. Na rufe bakin biro, na sa a aljihu.

Cikin mako uku aka gama ɗakin, dab da rugagen, tafiyar kusan sa'a guda daga gari. Siminti da kwano, farantan sola a bisa, tankin yana walƙiya a ciki. Ranar farko na raka shi. Ya sa farar riga irin ta ma'aikatan asibiti, ya jera garewani, ya tsaya a ƙofa tun fitowar rana. Har hantsi ya yi babu wanda ya zo. Ya ce wataƙila ba su ji ranar ba. Washegari ma haka.

Bayan mako guda muka koma wurin Ardo. Ya karɓe mu da fara'a, ya ce za a kawo in Allah ya so, ya sa aka ba baƙon ƙwan zabi. Bayan mako biyu muka sake komawa. Wannan karon rago aka ba shi. Mutumin da ba ya cin nama ya dawo gari yana jan rago, ya ɗaure shi a tsakar gida, ya riƙa saya masa dusa. Da daɗewa na gane cewa kyautar nan haƙuri ake ba shi da ita, irin na mutanen da ba sa iya ce wa baƙo a'a a fuskarsa.

Ya ƙara farashi, ba a zo ba. Ya yi zaton ya yi wani laifi a gaisuwa, ya sa na sake koya masa yadda ake durƙusawa. Ya yi zaton wani ɗan kasuwa ne ke zuga su. Kullum ya tambaye ni, "Baba, me Ardo ya ce daidai?" Kullum in maimaita masa daidai. Gero ya kai ƙugu, ya wuce kafaɗa, ya fara ciki. Kowace safiya yana hawa babur cikin taɓo, ya je ya wanke tankin da babu abin da ya taɓa shiga cikinsa, ya tsaya a ƙofa. Ran Lahadi yakan je inda waya ke kamawa ya kira iyalinsa, ya dawo ya wuce zaurena bai tsaya ba.

Mai ɗakina ce ta fara magana. Wata rana bayan azahar ta fito da kwanon da aka dawo da shi daga gidansa, ta buɗe ta nuna mini.

"Malam, yau kwana uku ke nan baƙonka bai taɓa tuwo ba. Ciwo ya kai?"

Na ce ba ciwo ba ne, Fulani ne ba su cika alkawari ba.

"Wane alkawari? Da wa ya yi?"

"Da Ardo da dattawan ruga. A rubuce."

Ta ajiye kwanon. Ta dube ni, sai ta fashe da dariya har ta dafa bango. Ban saba a yi mini dariya a gidana ba.

"Da maza? Kan nono? To kai ina kake sa'ad da anka yi wanga abu?"

"Ina wurin. Ni na fassara."

"Ka gaya mishi?"

"Ba a tambaye ni ba."

Dariyar ta tsaya. Ta ce, "Malam, tun da anka kawo ni gidan ga, ka taɓa ganin namiji ya yi sallama da ƙwaryar nono?"

Na ce aikin tafinta yana da ƙa'ida.

"Ƙa'ida. Da rijiya ce gabanshi, sai ka jira shi tambaye ka da Turanci? Yaron ga Baba yake ce maka. Ba tafinta ya ce ba."

Ta ɗauki kwanonta ta shige. Na daɗe zaune.

Washegari na sa aka kai ni ɗakin madarar a babur. Na same shi zaune a kan garwa. Na ƙi zama. Na gaya masa a tsaye, kamar yadda nake sa ɗalibi ya faɗi laifinsa: cewa madara ta mata ce, cewa yatsun da ke kan takardarsa na mutanen da ba su da iko da ita ne, cewa na san haka tun a gindin tsamiya na yi shiru, kuma shirun nan ya ci masa rabin damina. Na ce ba ni da hujja.

Ya daɗe yana kallon tankin. Na shirya wa fushi, domin ya cancanta. Sai ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna motsi, na kasa gane kuka ne ko dariya.

Ya ce, "Mahaifiyata. Baba, a gidanmu ma mahaifiyata ce ke kai madara. Mahaifina bai taɓa sanin ko nawa aka tatsa ba. Na san wannan tun ina goye. Na zo nan aka ce mini ku dabam ne, sai na rufe abin da na sani na buɗe littafi."

Ya ciro littafin, ya dubi layin nan biyu. Ya ce, "To yaya zan yi magana da su, ba tare da na ci mutuncin mazansu ba?"

Wannan karon an tambaye ni, amma ban san amsa ba. Na ce zan tambayo a gida.

Akwai wata tsohuwar Bafulatana da ta fi shekara ashirin tana kawo mana nono. Kowa Inna yake ce mata, har ni, ko da yake ba ta girme ni da yawa ba. Ita kuwa Kaɗo mai biro take ce mini, wato Bahaushe a bakin Fulani, ba ta taɓa fasawa ba duk da na nuna ba na so. Ta wuce shekarun da za a ce don me ta zauna da baƙo, kuma babu macen da ke ɗaga ƙwarya a rugagen nan ba ta ji ta bakinta ba. Mai ɗakina ta tsayar da ita ranar kasuwa, ta kawo ta zaure, ta zauna kusa da ita.

Baƙon ya shigo, ya durƙusa, ya kafe idonsa a bango.

Inna ta ce, "Mi ya sami wuyanshi?"

Na ce kunyarta yake ji.

"Kunyata? Na haifi wanda ya girme shi. Ce mishi shi dube ni, ba ni cizo. Haƙoran ma sun tafi."

Ya dube ta. Ta ƙare masa kallo, ta ce ya rame, a da ya fi haka. Ashe kowace safiya matan rugar suna ganinsa daga bayan kara, da farar rigarsa, suna yi masa kirari.

Ta ce, "Mun ji an yi takarda. Mun ji mazanmu sun dangwala yatsa. To su kai mishi yatsun shi zuba cikin tukunyar tashi."

Ya tambaya don me Ardo bai gaya masa gaskiya ba.

"Ardo shi ce ma baƙo, gaban jama'a, ba shi da iko da ƙwaryar matatai? Ai gara shi ba da garke duka. Rago guda kaɗai ka samu, ka yi arha."

Na fassara wannan, sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tun ina ɗan makaranta. Na ci gaba. Na bayyana masa irin kunyar Fulani, da abin da shirun dattawa ke nufi, da dalilin ƙwan zabi. Inna ta saurara, ta karkata kai.

"Ke," ta ce wa mai ɗakina, "na faɗi magana uku, Kaɗo ya yi talatin. Yau mi ya ci?"

"Bashin shiru yake biya, Inna. Ƙyale shi."

Daga nan aka shiga magana ta gaske, kuma sharuɗɗana goma sha ɗaya suka riƙa faɗuwa ina ji ina gani. Babban kuskuren, in ji ta, wurin da aka gina ɗakin ne. Shi ya kai shi bakin ruga don ya rage musu tafiya. Su kuwa tafiyar ce ba sa so a rage. A hanyar gari mace ke haɗuwa da 'yar'uwarta da aka aurar wata ruga, a nan take jin wa ya haihu, wa ya rasu, ta sayo gishiri da kanwa da zare, ta huta da hayaƙi da kukan maruƙa. Wanda zai karɓe mata nono a ƙofar ɗaki, ya tsare ta a gida ke nan. In yana son madara, ya kafa rumfa a bakin gari inda hanyoyin rugage ke haɗuwa, shi ya ɗauki wahalar kai wa tankinsa.

Ta ce kuma ba duka za a ba shi ba. Maraƙi zai sha, yara za su sha, sai an bar na kaɗa mai, domin man shanu shi ne ajiyar mace. Abin da ya ragu na safe, mai so ta ba shi, a kuma sallame ta a hannunta, kada a aika wa miji. Ya yi ɗan tunani, ya ce ko rabin haka ya isa ya kunna inji.

Sai aka zo kan kwalbar gwaji. Yana da wata siririyar kwalba da ake tsomawa a madara a gane ko an sa ruwa, sharaɗi na bakwai ke nan a takardata. Da na bayyana mata, Inna ta miƙe zaune.

"Ni za a gwada gaban surukaina? In kwalba ta yi ƙarya fa, in sa fuskata ina?"

Ya ce kwalbar ba ta ƙarya. Ta ce duk abin da ba ya jin kunya yana iya ƙarya. Ya ce in ba a gwada ba, madarar mutum ɗaya tana iya ɓata ta kowa. Aka ja, aka ja, har mai ɗakina ta ce a kafa zana a bayan rumfar, ya riƙa shiga da ƙwarya shi kaɗai. In ya ga abin da bai gamshe shi ba, ya dawo da ita a rufe ya ce yau tanki ya cika, ba wanda zai ji. Inna ta ce wannan magana ce ta masu hankali, shi ya sa ba namiji ne ya kawo ta ba.

Da za ta tashi ya tambaya ko za su zo. Ta ɗora ƙwaryarta a kai, ta ce, "Ni dai in gaya musu. Kowace da ƙwaryarta, kowace da ranta."

Kafin a kafa rumfar sai da muka koma muka shaida wa Ardo, don kada ya ji a bakin wani. Ya saurara, ya ce ai hanya ta kowa ce, kuma na ga kamar an sauke masa kaya. Kwana biyu aka yi ana aikin. A lokacin gero ya riga ya fitar da kai, masu lura da sama suna cewa ruwan da ya rage bai fi na wata guda da 'yan kwanaki ba.

Ranar da aka sa, mun isa tun rana ba ta gama fitowa ba. An kwana ana ruwa, hanya duk taɓo. Ya bar farar rigar a gida bisa shawarar mai ɗakina, wadda ta ce tana sa shi kama da mai allura. Ya duba agogonsa, na duba nawa. Bakwai ta wuce. Takwas ta wuce. Sai gyara garewanin da suke a gyare yake yi.

Can sai ga matan sun ɓullo daga cikin gero, a jere. Ta farko ta iso rumfar, ta gaishe ni, ta wuce. Ta biyu ma haka. Na ƙirga har tara, duka suka wuce. Amma na lura ba su shiga gari ba. Sun tsaya a gindin wani gawo can gaba kaɗan, ƙore a kai, sun juyo suna kallo.

Inna ce ta ƙarshe, tana takawa a hankali saboda santsi. Ta tsaya. Ta sauke ƙwaryar da kanta, ta ƙi in taimaka mata, ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya shiga bayan zana. Ya daɗe fiye da yadda gwajin ke bukata.

Inna ta ɗaga murya yadda na gindin gawo za su ji. "To, ɗana, mi kwalbar taka tac ce?"

Ya fito da ƙwaryar babu komai a ciki, an ɗauraye ta, an mayar da faifan. Ya buɗe baki, na matso don in fassara. Bai dube ni ba. Ya durƙusa a cikin taɓon, ya tattaro duk Hausar da yake da ita.

"Ina kwana, Inna."

Ta ce, "Lafiya lau. Yau dai ka faɗe ta kan lokaci."

Dariya ta tashi daga gindin gawo. Suka juyo ɗaya bayan ɗaya, ta tara ce ta fara isowa. Kafin hantsi ya yi sawu biyu a babur, da azahar kuma wanda ya bi ta bakin ruga ya ji tankin yana gurnani a karo na farko.

Ba zan ce komai ya tafi daidai daga ranar ba. Akwai safiyar da mata uku kaɗai suka zo, akwai ranar da babur ya kafe madara ta lalace a hanya. Amma kafin a yanke gero kwalabensa sun kai Bukkuyum da Gummi, kuma matan da kansu suka gaya masa fadamar da za a gangara da rani, da inda zai kafa musu wata rumfar. Ya tambayi Inna ko a rubuta sabuwar yarjejeniya. Ta ce wadda aka rubuta me ta haifa? Ban gaya wa kowa ba cewa na riga na ja layi a shafi uku.

Da kaka ya tafi Kano ya taro iyalinsa. Suka iso da yamma, mai ɗakina ta yi musu tuwo ba nama, 'yan matan biyu suka ga ragon suka ce nasu ne, abin da ya sa ya tsufa a gidan har ya mutu don kansa. Matarsa gajera ce, mai kaifin ido, ba ta jin ko gaisuwar safen.

Washegari ta biyo mu rumfa. Da Inna ta sauke ƙwarya, matar ba ta jira kowa ba. Ta ɗaga faifan, ta sunsuna, ta ɗiga madarar a kan farcenta ta duba yadda ta tsaya, ta gyaɗa kai. Inna ta dube ta tun daga sama har ƙasa. Sannan ta juyo gare ni.

"Kaɗo mai biro, ce ma ɗana shi koma wurin injinshi. Mai abu ta zo."

Na fassara masa yadda ta faɗa. Bai nemi ƙarin bayani ba, ya ɗauki garwa ya nufi babur.